Lamba biyar a Kajiji

Yayata ta ɓoye ƙullutun da ke nononta har aka gama girbin gero, sannan ta nuna mini. Ni ce mai boko a gidanmu, ina koyarwa a Bodinga, don haka duk wata wahalar asibiti a kaina take ƙarewa. Na ɗauko ta daga Kajiji muka tafi birni.

Hoton farko bai nuna komai sosai ba, sai suka yi mata allurar wani ruwa a jijiya suka sake ɗauka. Likitar ta juyo mini da allon, ga wuri ɗaya ya yi fari tas. Ta ce yanzu iri ɗaya suke rubuta sakamakon wannan hoto: siffar abin, yadda ya sha ruwan allurar, sai lamba a ƙarshe, don kowane likita ya karanta ya fahimci abu guda. Ta yayata biyar ce. Ma'ana da wuya in ba sankara ba ce, kuma dole a ɗebi ɗan nama a gwada, ba da jinkiri ba.

To, su likitoci sun daidaita bakinsu. Mu ma namu a daidaice yake tun kakanni: ko mutum yana kan gargara, in an tambaya sai a ce da sauƙi. Kafin mu isa Shagari yayata ta faɗa wa mutum uku haka a waya. Goggonmu ta ɗauka ta kai wa mijin yayata, ta ƙara da cewa ai likita ma ta yi murmushi. Ni ban ga wannan murmushin ba.

Da na koma ɗaukarta mako na zagayowa, na tarar ta tafi dashen albasa a fadama, mijin yana zaune ƙofar gida da ƙannensa.

Ya ce, "Malama, tunda anka ce da sauƙi, a bari a ƙare dashe mana."

Wallahi na gaji. Na gaji da mota, da layin asibiti, da lallashin manya. Na durƙusa kamar yadda aka koya mini, na ce, "Yaya, babu sauƙi. Likita na zaton sankara ce. In anka jira albasa, ana iya rasa ta."

Ƙannen suka sunkuyar da kai, ɗaya ya ce subhanallahi, kamar na yi ashar. Mijin ya tashi ya shiga neman makullin babur.

Ashe yayata ta dawo tana bayan zana, ta ji komai. Na zaci za ta yi fushi na tona ta gaban maza. Sai ta wanke laka daga hannunta, ta shimfiɗa tabarma da rana tsaka.

Ta ce, "Tun damana nis sani, ƙanwata. Jira nike wani ya hwaɗi, in samu in kwanta."