Takalmin Kawu Ɗan-Ige

Ina tsugunne bakin ƙofa, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗayan takalmin a hannu, sai na ji an kira sunana. Na faɗa ofis ina ɗingishi awa wanda kunama ta harba. Hajiyar da ke yin intabiyu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam Sanusi, aiki ka zo nema ko gyaran takalmi?"

Laifin Kawu Ɗan-Ige ne, Allah jiƙan shi. Duk wanda ya san shi a Kebbe ya san baƙin takalmin nan da ya saya tun zamanin da kuɗin mai ke yawo. A hammata yake ɗaukar su, shina tafiya ƙafa ƙasa, sai ya kai ƙofar gidan da za shi kana ya sa. In ka yi magana ya ce, "Ƙafa kyauta anka ba ni. Wanga ko, kuɗi nib biya!"

Ran da ruwa ya tare shi hanyar Jabo, mutane sunka gan shi jiƙe sharkaf, ya kifa lema kan takalmin. Anka ce, "Haba Kawu, mura fa?" Ya ce, "Mura kwana fuɗu ta. Fata in ta jiƙe, ta tahi kenan."

Ɗan kabu-kabu ma bai tsira ba. Kawu ya ce rabin kuɗi zai biya, don shi bai kai rabin fasinja nauyi ba. Sunka kusa awa guda suna ja-in-ja, ƙarshe yaron ya kai shi kyauta don ya samu lafiya.

To ni aji uku na bar makaranta. Na yi cajin waya, na yi kwandasta, ba wanda na kai wata biyu. Inna har ta bar tambaya ta ina za ni. Da na ji wani kamfanin aika kuɗi ta waya na neman samari a Tambuwal, masu bin kasuwanni suna tallan na'urar cire kuɗi, ba takarda gare ni ba, ba takalmin kirki. Na je wurin Kawu aron nashi. Mutumin da ke cewa kuɗin da ba su shiga hula ba, ba kuɗi ba ne! Da ƙyar ya miƙo su. "Sai ka kai ƙofa. Kuma ka ƙirga min taku."

Shi ne Hajiya ta kama ni haka. Na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce, "To, talla ka zo yi. Sayar min da su."

Kai! Bakina ya buɗe. Na ce, "Ranki ya daɗe, sun girme ni, ba su taɓa ganin baduku ba. Ruwa bai san su ba, ƙaya ba ta san su ba." Ta taya, na ƙi. Ta ƙara, na ƙi. Ta zaro kuɗin da sun fi albashin aikin ta ajiye kan tebur. Wallahi sai da na haɗiye miyau. Na ce, "Hajiya, ba nawa ba ne."

Ta maida kuɗinta jaka ta ce, "Litinin ka zo. Na'urar ma ba taka ba ce."

Shekarata biyu kenan a aikin. Kawu ya rasu bara da damina, ya bar wasiyya a ba ni takalmin, wai ni ɗai na san darajarsu. Allah ya gafarta mai, ya sa ya taka Aljanna da ƙafarsa da ta sha ƙasa.

Shi bai riƙe waya, don haka ran da anka ɗauke ni aikin, maƙwabcinsa na tura wa saƙo. Har yau ban goge ba:

"Don Allah a gaya wa Kawu an ɗauke ni. Takalmi lafiya lau, suna hammata. Taku goma sha fuɗu. Bakwai da ƙafa ɗaya ne, kada ya ƙirga su duka."