Dogon geron Baba a Lamorde

Shekarar da na zo Yamai karatun noma, ban san kowa ba sai tukwanen gero. Ɗakina a unguwar Lamorde yake, maƙwabta Zabarmanci suke yi, ni kuwa daga gaisuwa ban iya komai ba. Har magana nake yi wa shuka kamar taɓaɓɓiya. Kaɗaici ya ci ni, ba na ɓoyewa.

Aikina shi ne in shuka gero iri-iri cikin ƙasa ɗaya. In ya kusa fitar da kai sai a tuge shi, a kankare ƙasar da ta manne wa saiwa, a kai labo, ɗakin gwaji, a duba ƙananan halittun da ido ba ya gani. Kowane iri da jama'ar da yake tarawa a gindinsa, wani gidan biki, wani ko kare ba ya leƙawa.

Iri ɗaya daga gidanmu ya fito, dogon geron Baba. Bayan rasuwarsa garinmu kaf aka koma mai saurin nuna. Abin da ya rage bai cika tafi ba, Inna ta ƙulle mini a tsumma. Tsohon iri ne, na zuba duka, 'yan ƙalilan suka tsiro.

Ranar tugewa na tare malamina a ƙofar labo.

"Malam, in na tuge waɗannan, iri ya ƙare fa. Babu wani a duniya."

"In ba ki tuge ba, babu gwaji," in ji shi. Ya jima yana kallon tukwanen. "Bar ɗaya."

Ɗaya! Shi da ni mun san gero ba ya ido da kyau shi kaɗai, sai iska ta kawo masa bununin ɗan'uwansa. Ga shi rani ne, ba gero ko a lambunan bakin kogi. Na tuge sauran ina zage-zage a zuci, har da kaina.

Na kai wanda na bari ɗakina, na ajiye a bakin taga. In pampo ya ɗauke, ruwan shana muke rabawa. Ya fitar da zangarniya guda, doguwa, kyakkyawa. Ina karkaɗa ta da safe ko Allah zai sa a dace.

Sakamako ya fito, ashe ƙasar saiwarsa ta fi ta kowane iri jama'a. Malam har da tafi. Ya ce in kawo iri a gwada a gona da damina. Na ce to.

Da zangarniyar ta bushe na murza ta a faranti, na hura. Ƙaiƙayi ya tashi. Na sake murzawa har tafina ya yi ja, na bi farantin da yatsa. Ko ƙwaya.

Na kira Inna, na gaya mata bai yi ido ba. Ina jin kukan awakinmu ta waya.

"To," ta ce, "ya bi mai shi."