Gawar Aro

Idan kun taɓa zubar da hawaye a kan gawar Uwar Gayya a fim, ku yi haƙuri, hawayenku ɓatan kai suka yi. Ba ita ce a ƙarƙashin mayafin ba. Mai Gugarmu ce.

Uwar Gayya, Allah ya jiƙanta, ta fara wasa a dandamali tun daraktocinmu na yanzu suna tsotson yatsa. Ta fito a uwa, ta fito a alƙaliya, ta fito a mahaukaciya, mutuwa kuwa ta yi ta a fim har ba ta ƙirguwa. Amma tana da doka guda. Za ta yi jinya, za ta yi kakari, za ta lumshe ido, amma da an ce a ja mayafi sai ta miƙe ta karkaɗe zaninta.

"Ba za a zauna ana kallon gawata ana ɓare gyaɗa ba," in ji ta. "Ku nemo wata."

Wadda aka samo ita ce Mai Guga. Da dutsen guga na gawayi ta shigo harkar nan, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu da wani tebur mai ɗingishi. Sai aka lura tsayinsu ɗaya da Uwar Gayya, faɗin kafaɗa ɗaya, har yatsun ƙafa kamar an tsaga kara. Daga nan aiki ya zama biyu: da safe ta goge kayan 'yan wasa, da rana ta mutu. Ni da nake riƙe sandar ɗaukar sauti nakan ce ita kaɗai ce ma'aikaciyar da ake yaba wa don an same ta kwance a bakin aiki.

Kuma ta iya. Ƙuda ya taɓa yin yawo a tafin ƙafarta har ya gaji ya tashi, ko gezau. Wani jarumi ya taɓa faɗawa kan cikinta da kukan ƙarya, mutum kamar buhun siminti, ba ta ce uffan ba sai da aka tsaya, sannan ta yaye mayafi ta ce, "Ɗan nan, uwar taka kake so ka kashe sau biyu?"

Tsakaninta da Uwar Gayya kuwa sai Allah. Wuni ake ana faɗa. Uwar Gayya ta ce, "Ke, wannan guga ce ko zama kika yi a kai?" Ita kuma ta ce, "To Yaya." In lokacin abinci ya yi, kwano ɗaya, kuma naman Yaya ne yake gangarawa gaban ƙanwa.

Bana sai tari ya kama Mai Guga, irin mai ƙin ji. Gawa mai tari kuwa ba ta da kasuwa. Darakta ya fara gunaguni cewa zai nemo yarinya mai lafiyayyen ƙirji. Uwar Gayya ta ji, ba ta tanka ba, abin da ba halinta ba.

Ranar da abin ya faru muna aiki a falon wani gida. Mun fita tsakar gida ana jan waya ana ɗaura fitilu. Da muka dawo, gawa tana kwance a kan katifa, an rufe ta tsaf kamar kullum. Babu wanda ya tambaya. Wa yake tambayar gawa? Uwar Gayya, a saninmu, tana cikin mota tana hutawa.

Aka ɗauka. Masu kuka suka yi kuka, Darakta ya ce a sake, aka sake. Da aka gama ya tafa hannu.

"Kun ga aiki! Ina tarin yake?"

Ni kuma da na'ura a kunne, bakina da ba ya azumi, na ce, "Yau ko numfashi ban ji ba. Anti, ki tashi haka, kada ki saba."

Aka yi dariya. Ana cikin dariyar ƙofar baya ta buɗe, Mai Guga ta shigo da ɗankwali a ninke a hannu, tana tari.

"Ina Yaya? Ta sa ni sake goge wannan, alhali a goge yake."

Ban taɓa jin falo ya yi shiru irin haka ba, kuma shiru sana'ata ce. Muka dubi Mai Guga. Muka dubi katifa. Mai kyamara ya ja da baya har ya ture fitila. Babu namijin da ya iya matsawa. Ita ce ta durƙusa ta ɗaga gefen mayafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Yaya, wannan ai wurina ne."

Likita ya ce zuciya ce. Mu dai abin da muka sani, matar da ta ƙi kwanciyar nan tsawon rayuwarta ta kwanta don kada a ji tarin ƙanwarta, kuma mun tsaya a kanta muna tafi.

Bayan an share makoki mai fim ya tara mu a ofishinsa. Mutum ne da ko a ta'aziyya idonsa yana kan kasuwa.

"Allah ya jiƙan Mama," in ji shi, yana juya makullin mota. "Amma wannan ɗaukar, ku duba fa. Jama'a za su so su yi bankwana da ita. In aka ji cewa ainihin..."

Bai ƙarasa ba. Darakta ya sunkuyar da kai. Sai muka ji murya daga bakin ƙofa, inda Mai Guga take tsaye.

"Ranka ya daɗe, ba za a nuna ta ba."

"Baiwar Allah, wa ya sa da ke?"

"Ita ta sa da ni, tun ba ka san hanyar nan ba. Gawarta a fim ni ce. A sake ɗauka."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Da wannan tarin? To na ji. In kin kwanta kamar yadda ta kwanta, a goge na farko. In kin motsa, da shi zan fita."

Muka koma falon, katifar nan dai, mayafin nan dai. Masu kuka ba su buƙaci a shafa musu komai a ido ba. Aka fara, mayafi ya hau rawa. Aka sake, tari ya ƙwace mata. Mai fim ya duba agogo.

"Darakta," in ji ta daga ƙarƙashin mayafi, "ka ƙara mini ɗaya."

A wannan karon mayafin ya tsaya cak. A ido, dutse. Amma ni da na'ura a kunnena ina jin haƙoranta suna cizon wani abu, ina jin tarin yana dukan ƙirjinta yana komawa. Darakta ya manta da cewa a tsaya, sai da mai kyamara ya taɓa shi.

Mai fim ya kalli na farko, ya kalli na biyu, ya sake kallo. Ya kasa gane wanne ne wanne. Ya ɗaga hannu ya fita.

Mai Guga ta taso, ɗankwalin da ta cusa a baki duk ya jiƙe, ta tsaya a kan mai kyamara har ya danna ya goge na farkon.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Anti."

"Ba irin tafiyar da kuke dawo da ita ba?"

"Wallahi ya tafi."

Sai a lokacin ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi tarinta son ranta, muka tsaya muna jiran ta gama.