Saƙon da Sabi'u ya turo, ban karanta ba

Kakar bana ta cika shekara huɗu da rasuwar Sabi'u, ɗan baffana. Ni ne babba, Yaya yake ce mini. Shi ya haɗa wa ƙungiyar manomanmu ta Gaya da Ajingi fom ɗin da ake cikewa a intanet don rabon irin gero da wake.

Ni nake riƙe da sunayen mutanen unguwarmu a Balan. A lokacin ban iya karatun boko ba, amma ina yawo da takardu a hammata, mutane suna zaton na iya, ni kuma ban taɓa gyara musu zaton ba.

A unguwarmu waya ɗaya takan isa gidaje da yawa, don haka na ba mai shagon kwamfuta a Gaya lambata a kan kowane suna. Fom ya ƙi wucewa. Mai shagon ya ce ya san dabarar kashe binciken da fom ɗin yake yi kafin ya wuce. Ya taɓa wani abu, fom ya tafi, na dawo gida ina murna.

Ashe Sabi'u bai bar tsaron a kwamfutar mai cikewa kaɗai ba. Can inda bayanan suke sauka, a babbar kwamfutar da yake kira saba, ana sake duba komai. Ya taɓa yi mini bayani: “Yaya, in ka kai gero kasuwa ka ce ka auna a gida, ai mai saye sai ya sake sa tiyarsa. Abin da ya fito daga hannun wani, ban san me ya yi masa ba.” Na gyaɗa kai kawai.

Saba ta ƙi sunayen. Saƙo ya shigo wayata, na kalle shi na mayar aljihu. Ranar rabo babu mutanena a jerin. Da suka taso mini a ƙofar masallaci, sai na ce Sabi'u ne ya cire Balan don ya fifita surukansa na Gafasa. Maganar ta zauna. Wasu sun daina amsa gaisuwarsa.

Ya zo har gida, ya zauna a tabarma, ya ce, “Yaya, saƙon bai shigo ba ne?” Na ce bai shigo ba. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya tambayi lafiyar iyali. Yana da shaidar an tura, bai nuna wa kowa ba. Bayan girbi zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na fara haɗa baƙi, na nemo tsohuwar wayar. Da Hausa ya tsara saƙon: lamba ɗaya ta maimaitu, a zo ofishin ƙungiya kafin Juma'a a tantance waɗanda ba su da waya. Ashe har hanya ya bar mana.

Yanzu kusan komai a waya ake cikewa, kuma fom ɗinsa yana nan yana aiki, yana mayar da na kowa in da kuskure, har na shugaban ƙungiya. Da Sabi'u yana raye, ina jin dariyar rubutuna zai yi, sannan ya gyara mini.

Mutanen Balan da yawa ba za su iya karanta wannan ba. Wanda ya iya, ya karanta musu: Sabi'u bai cire kowa ba, ni na yi masa ƙarya. Allah Ya jiƙansa.