Makullin Tirela da Tekun Baba Yohanna

Na taɓa barin tirela cike da citta a layin Apapa, na ba wani direba makullina, na tafi kai wani tsoho ya ga teku. A nan aikina na hanyar Legas ya ƙare. Ranar ba ta fita daga raina. Tun da ku matasan tasha kuna yawan tambayata abin da ya dawo da ni jan bas, to ga shi.

A lokacin ina jan tirelar wani Alhaji, dillalin citta a Kafanchan. Aikin haka yake: bayan an haƙe citta, an tsaga, an shanya, sai a zuba a buhu a cika kwantena a rufe. Ni kuma in ja ta zuwa tashar jiragen ruwa a Legas. Ranar da Alhaji ya ba ni motar, magana ɗaya ya yi mini. Ya ce, "Isiyaku, ranar da wani ya zauna a kujerar nan, ranar ka sauka daga kanta." Duk masu manyan motoci haka suke. Direba zai ba ka abincinsa, zai ba ka tabarmarsa, amma ba ya ba da makulli.

Baba Yohanna manomi ne daga Manchok. Tun yana saurayi yake noman citta, kuma Alhaji yake sayar wa. 'Yarsa, Malama Rifkatu, ita ta same ni a sito ranar lodi. Ta ce likita ya duba tsohon, hawan jinin ido ne, ganin yana tafiya kuma ba ya dawowa. Ta ce abu ɗaya yake roƙo.

Kowa da inda yake so ya taka kafin ya mutu. A tasha kuna jin su. Namu suna cewa Makka, mutanen coci suna cewa Urushalima, yara suna cewa Dubai. Shi Baba teku yake so ya gani, kuma a motata yake so ya je. Na ce mata ta sa shi a bas mai sanyi mana. Tsohon da kansa ya amsa daga kan buhun da yake zaune.

"Ɗana, hanyar da citta na yake bi, shi zan bi. Shekara da shekaru ina sallama shi, ban san inda yake zuwa ba."

Alhaji ya yarda. Ya ce in na sauke kaya, in kai shi ya gani. Wuri ɗaya ne a gefena, don haka na bar yaron motata a gida, tsohon ya zauna a wurinsa.

A hanya bai dame ni ba. Sunan gari kawai yake tambaya, ya maimaita. Da muka hau gadar kogin Kwara kusa da Lokoja, ya dafa gilashi.

"Shi ne wannan?"

"Kogi ne, Baba."

"To, mu je."

Ga wanda bai san layin Apapa ba, ga yadda yake. Tireloli suna jere a titi, ana kwana a nan, ana wanka a nan, ana dafa abinci a ƙarƙashin mota. Ba wanda ya san lokacin da layin zai motsa. In ya motsa ba ka cikin motarka, na baya su zagaye ka, ko a janye motar gefe, ka koma farko. Kwantenar kuma jirginta ya tafi ya bar ta.

Muka yi kwanaki a nan, cikin zafi da hayaƙi. A gabana akwai Sale Dogo, direba daga Samaru Kataf, mai jar tirela da bakin da ba ya rufuwa. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Na-Kafanchan, yaushe ka fara ɗaukar yaron mota mai furfura?" Ni ba na amsa masa. Baba ne yake biye masa, su yi ta dariya.

Wata safiya na ga tsohon yana lalube yana neman kofin shayi, ga shi a gabansa. Maganin ɗigawar da ya zo da shi ya ƙare. Na ce masa, wane launi ne motar da ke gabanmu? Ya daɗe yana kallo.

"Akwai mota a nan?"

Ya ce idon hagu ya rufe tun jiya, na dama kuma kamar yana leƙe ta ramin kara. Bai roƙe ni komai ba. Ya ce, "In Ubangiji bai nufa ba, shi ke nan. Na dai bi hanyan."

Na sauka na je wurin Dogo. Na miƙa masa makulli. Ya dubi makullin, ya dube ni.

"Ka haukace? Ka san Alhajinka."

"Na san shi."

"In layi ya motsa, mota biyu zan ja da ƙafa biyu?"

"Doguwa ce ƙafar."

Ya karɓa. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai. Ku yi sauri."

Na yi niyyar in gama da wuri. Na riƙe hannun tsohon, muka ratsa ta bayan wasu sito zuwa bakin ruwan da na saba gani, inda jirage suke tsayawa. Na ce, "Baba, ga teku." Ni har ga Allah abin da na sani ke nan. Duk direbobinmu teku muke ce masa.

Ya tsaya. Ya karkata kai yana saurare.

"Ba shi ba ne."

"Baba, ga jirage."

"Wannan ruwa yana kwance. A Littafi Mai Tsarki, teku yana ruri, ba ya hutawa. Kuma ina ganin wani baƙin abu a can."

"Gidaje ne, a ƙetare."

"To, teku yana da ƙetare da ake gani?"

Wani mai kwale-kwale da ke kusa ya ji mu, ya yi dariya. Ya ce babban ruwan yana can nesa, sai mun shiga mota mun tsallaka gari. Na duba rana. Na duba tsohon. Muka shiga motar haya.

Cunkoso ya cinye mana wuni. Wayata ta yi ta kuka a aljihu, na san Dogo ne, ban ɗauka ba. Da muka sauka, kafin mu ga komai muka fara jin ƙara, kamar tireloli da yawa suna hawan tudu lokaci ɗaya. Baba ya matse hannuna.

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban san yadda zan faɗa muku ba. Ruwa ne ya tashi tsaye, ya faɗi, ya sake tashi. Babu ƙetare. Sama ce ta sauko ta haɗu da shi. Na yi shekaru ina zuwa Legas, ranar na fara ganin teku.

Baba ya cire takalmi. Ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya juya ɗayan a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai haska tocila. Ruwan ya zo ya bugi ƙafarsa. Ya duƙa ya ɗiba ya ɗanɗana, ya tofar.

"Gishiri! Wa ya zuba wannan gishiri duka?"

Ya yi dariya har ya zauna a yashi. Sai ya ciro ɗan guntun citta daga aljihu, ya jefa. Ruwan ya dawo masa da ita har gaban ƙafarsa. Ya ce, "Ka gani? Shi ma ya san Manchok ya fi." Ya mai da ita aljihu.

Da muka koma, layin ya tafi. Na tarar da motata a bakin ƙofar tashar jiragen ruwa, Dogo a zaune a ƙasa, rigarsa sharkaf. Ya ja tasa, ya dawo a guje ya ja tawa, haka ya yi ta yi wuni guda. Kwantenar ta samu jirginta. Amma wakilin Alhaji da ke karɓar kaya a ƙofa ya gan shi a kujerata. Dogo ya rantse masa cewa cikina ne ya ɓaci, ina bayan gida. Mutumin ya ce wane irin bayan gida ne tun safe?

A Kafanchan Alhaji ya tambaye ni, na faɗa masa yadda aka yi. Ya ce, "Ya gani?" Na ce ya gani. Ya ce, "Madalla." Ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Maganarsa ɗaya ce tun farko, ban yi gardama ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Direba yakan kai kaya har ƙarshen ƙasa ya dawo bai ga komai ba sai bayan motar da ke gabansa. Kuma wanda ya fi damunka da baki a layi, wata rana shi zai yi gumi dominka.

Idon Baba ya ƙarasa rufewa kafin damina ta sauka. Yanzu ina jan bas tsakanin Kafanchan da Manchok. Duk ranar kasuwa kujerar gaba tasa ce. Yana ba fasinja labarin teku, in suka ce ya ƙara gishiri, sai ya dafa kafaɗata ya ce su tambayi direba.