Ɗanjuma Mai Keke da Yaransa Masu Koren Gashi

Duk wanda ya zauna Greensboro, can ƙasar Turawa, a shekarun casa'in ya san Ɗanjuma da kekensa. Garin da ko burodi za ka saya sai ka tada mota, shi ga shi can gefen titi yana tafe a hankali, butar alwala na lilo a hannun keken. In na tsaya da mota na ce ya shigo, sai ya ce, "Je ka, Dakta. Wa ke korata?"

Jirgi ɗaya ya kawo mu karatu daga Zariya. Ni na gama, na sami aiki, na kama gida a Sedgefield, unguwar masu kuɗi. Shi kuwa ya watsar da digirin, ya tare a wani tsohon gida kusa da jami'a tare da wasu 'yan samarin Turawa marasa aikin yi, masu koren gashi da ƙarfe a hanci, kullum kaɗa jita. Abin haushi, in na je sai in ji suna ta ce masa, "Sannu Malam! Malam ga shayi!" Har Hausa ya koya musu. Ni da na sha wuyar karatu, ɗaga hannu kawai nake samu.

Da Hajiyata ta zo ganin jikoki, ta leƙa farfajiyata ta ce, "Wannan ciyawar da kake ta yi wa aski, wa zai ci?" Na yi gangancin kai ta gaida Ɗanjuma. Wallahi da na koma ɗauko ta, sai na tarar da ita a baranda tana koya wa wata mai askakken kai tuƙin tuwo. "Dawo bayan la'asar," in ji ta. Uwata fa!

Sai masu hali suka fara saye gidajen layin su Ɗanjuma, suna fenti, suna kafa shinge. Wata sabuwar maƙwabciya ta zo ƙorafi, wai kuɓewa da yakuwar da ya shuka a ƙofar gida suna zubar da darajar unguwa. Ya ce, "Madam, naki furen, miyar me ake yi da shi?" Ya bi ta da kofin zoɓo. Mako na zagayowa ta aiko a ƙara mata.

Amma zoɓo bai hana a sayar da gidan ba. Ranar da aka fito musu da kaya na zo da mota, raina fes: yau dai Ɗanjuma zai buƙace ni. Na ce, "Ga ɗaki a gidana, har da na'urar sanyi."

Ya ce, "Unguwar da ba a ganin mutum sai motarsa? Haba Dakta, ai ban mutu ba tukuna!"

Yaran nan kuwa suna ta rigima kan wa zai tafi da shi, har da mai kuka. Na koma gida ni kaɗai.

Bai daɗe ba ciwon zuciya ya ɗauke shi. Ranar jana'iza harabar masallaci ba ta ɗauki jama'a ba. Matata ta dubi taron, ta dube ni, ta ce, "Kai ma dai ka fara gaisawa da mutane."

Allah ya jiƙan ka, Ɗanjuma. Allah ya yalwata maka kabari, ya ba ka gidan da ba mai tashin ka.