Katakon Zamiyata a Ƙofar Ruwa

Lokacin da ake haƙa kanal ɗin ban ruwa a yankinmu na Bunkure, ni saurayi ne, direban wani Bature injiniya. Da aikinsa ya ƙare sai ya tafi da ni ƙasarsu, wani gari a cikin duwatsu inda dusar ƙanƙara ke rufe komai rabin shekara. A can mutane kan ɗaura dogayen katako biyu a ƙafa, su riƙe sanduna, su zamo daga ƙolin dutse har ƙasa. Na gwada, na sha faɗuwa har na gode Allah, daga baya ƙafata ta kama. Na shiga tsere, kuma a iya sanina ban taɓa ganin wani baƙin mutum a layin farawa ba sai ni. Na ci, an kuma ci ni. Da gwiwa ta fara ƙorafi sai na koma koyar da yaransu, har furfura ta fito mini ina ihu a bayansu cewa su durƙusa.

Matata ta can ta rasu, ba mu haihu ba. Na tattara na dawo gida da akwati ɗaya da katakon tserena biyu, na saƙale su a rufin ɗakin da ɗan yayana ya ba ni.

Kaɗaici na gaske a gida na same shi. A can baƙo ne ni, na san matsayina. A nan kuwa kowa ya san ubana, amma ba wanda ya san ni. In na zauna a majalisa bayan la'asar, hirar ba ta wuce taki da tumatirin Kadawa da wanda ya sace wa wani ruwa. In na soma zancen ƙanƙara sai a ce "Allah Sarki, Baba," a juya. Ba ƙaryata ni suke ba, da sun ƙaryata ma da na ji daɗi. Kawai ba ruwansu.

Mutum ɗaya ne ya damu har yake ƙaryata ni: taubashina, ɗan gwaggona, tsoho mai bakin tsiya, wanda muka yi kiwon awaki tare. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya.

"Ga Sarkin Ƙanƙara nan! Kai da jaki ya taɓa kayarwa, wai kai ne mai tsere a kan dutse? Ka dai je ka yi wa Nasara wanke-wanke."

"Tafi can, baƙauye," nakan ce, "ƙanƙarar da ka sani ta cikin zoɓo ce."

Amma shi kaɗai ke tambaya. Yaya ake tsayawa? Ba a mutuwa? In na amsa ya ce ƙarya ne, gobe ya sake tambaya. Na sha cewa ya zo ya ga katakon, ya ce ba zai ɓata tafiyarsa don ƙaryata ba. Ni dai burina a duniya bai wuce wannan tsohon ya ce ya yarda ba.

Wani rani ciwo ya kwantar da shi. Da na je dubiya na tarar ya zama ƙashi da fata, bakin ne kawai bai rame ba.

"Kawo katakon nan in gani," ya ce, "kada in tafi lahira da bashin ƙaryarka a kunnena."

Na koma gida da sauri, na ɗaga kai rufin ɗaki, wayam. Na tambayi ɗan yayana, sai ya washe baki.

"Baffa, ai katakon nan naka akwai albarka! Allon ƙofar ruwanmu ne ya ruɓe, ga shinkafa na jiran ruwa, sai na sa aka yanka su. Wallahi ruwa ba ya cinsu, har maƙwabta na tambayar inda muka samo."

Ban zage shi ba. A wurinsa katako mai kyau da ke rataye ba aiki asara ne, kuma ni ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Na bi gefen kanal har gonar. Ga su nan an jera su a ƙofar ƙaramar magudana, gunduwa-gunduwa, ja da fari, gansakuka ta fara hawa. Na tsuguna na zare guda ɗaya, mai lanƙwasasshen baki. A nan na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Na kai wa taubashina guntun da taɓonsa. Ya shafa santsin cikin, ya bi ƙarfen gefen da yatsa, ya daɗe.

"Wannan ai ƙofar ruwa ce," ya ce, yana dariya yana tari. Sai ya dube ni. "To tashi ka nuna mini yadda kake yi."

Na zaro kara biyu daga dangar gidansa. Na tsaya a kan tabarma, tsofai-tsofai da ni, na durƙusa, na karkata dama, na karkata hagu, gwiwoyina na ƙara. Ban san lokacin da na rufe ido ba. Da na buɗe na ga ya ɗago kansa daga matashi, ya ƙura mini ido, ba dariya.

"Ashe da gaske ne," ya ce. "Kai kaɗai a can, ba wanda ya san ka?"

Na ce ni kaɗai.

"Ai ko ka yi ƙoƙari, ɗan banza."

Bai kai kasuwar Bunkure ta gaba ba. Bayan an yi sadakar uku na ɗauki gunduwar na mayar da ita ƙofar ruwa, don ranar ban ruwanmu ta zagayo kuma ana bukatarta. Yanzu da yamma can nake zuwa in zauna maimakon majalisa. Masu wucewa kan gaishe ni su ce Baba ana gadin ruwa ne, in ce musu e.